Takarda ta Arba'in da Ɗaya

A shekara ta tara ta zaman Alhaji Sharhabil a kujerar Darakta, cikin tsakiyar damina, lokacin da ruwa ya yi kwana uku yana zuba a arewacin Kaduna bai ɗauke ba, aka yi al'amarin da tsofaffin ma'aikata suke lissafin shekaru da shi har yau. Ofishin na harkar filaye ne. Ba zan faɗi sunansa ba, domin wasu daga cikin mutanen suna raye, 'ya'yansu kuma kasuwa ɗaya suke ci da namu. Amma duk wanda ya shiga shi a wancan zamani ya san fada ya shiga. Akwai mai gida a saman bene, akwai fadawa, akwai masu jiran gado, akwai kuma talakawan da ke zaman benci tun safe da takardunsu a cikin leda.

A faɗi gaskiya, Allah ya yi wa Alhaji Sharhabil baiwa. Dogo ne, mai sanyin murya, ba a taɓa jin ya ɗaga ta ba. Ya san sunayen 'ya'yan mai gadi, ya san matar wane direba ce ta haihu. In ka hau wurinsa da fushi, kafin ka zauna ya tambaye ka jikin mahaifiyarka, ya ambaci ciwon da ke damunta, sai ka sauko kana jin kunyar kanka, alhali abin da ya kai ka yana nan yadda yake. Bai taɓa ce wa kowa a'a ba, bai kuma taɓa ce wa kowa to a gaban shaida ba. Ya yi imani kowane mutum yana da ƙofar da ake shigarsa, wani ta cikinsa, wani ta yabo, wani ta tsoro, shi kuma aikinsa ya nemo ta. Alheri yake yi kamar mai kafa turke, ya kafa, ya ɗaure ka, ya tafi harkarsa. Kuma wallahi bai taɓa ɗaukar kansa macuci ba. In ya rufe ƙofa ya zauna shi kaɗai, abin da yake gani shi ne mutumin da bayin Allah da yawa ke ci a ƙarƙashinsa, wanda mahassada suka sa a gaba.

Abu ɗaya yake tsoro a duniya, shi ne tawada. Abin da ya halatta yakan sa masa hannu da koren alƙalami, ya buga hatimi, kowa ya gani. Abin da bai halatta ba kuwa, sai ya yagi 'yar takarda kamar tafin hannu, ya rubuta umarninsa da fensir, ya maƙala ta da fil a kan shafin da ke sama. Fayil ya sauka, jami'in da aka umarta ya yi aikin, ya sa hannunsa da biro. In fayil ya dawo, sai Garba masinja, dattijon da ma'aikata ke kira Shamaki saboda shi ke tsaron ƙofar Darakta, ya zare 'yar takardar ya miƙa wa mai gida, mai gida ya yayyaga ta ko dubanta bai yi ba. Ta haka mataimaka uku suka faɗi cikin shekara tara, kowanne da sa hannunsa a kan takardar da ta kayar da shi. Kowannensu Darakta ya raka shi har bakin mota yana share ƙwalla, kuma waɗanda suka gani sun ce ƙwallar ta gaskiya ce.

A ƙasan benen, can ƙarshen baranda, akwai ɗakin rajista, inda kowane fayil ke bi in zai hau ko zai sauka. Mai ɗakin ita ce Hajiya Hasiya, mutuniyar Kawo, gajera mai tabarau, shekararta talatin da ɗaya a wurin. Ma'aikata suna ce mata Magajiya, rabi wasa rabi tsoro. Kayan aikinta ba su da yawa, jan biro ne da babbar allura da kirtani. Malam Idi, tsohon da ya koya mata aiki tun tana sabuwar shiga, ya bar mata ƙa'ida: duk abin da ya shigo cikin fayil, ko takardar ƙunshin ƙosai ce, a ba shi lamba, sannan a rubuta lambar da abin da takardar ta ƙunsa a jerin da ke cikin bangon baya na fayil ɗin. Haka take yi. 'Yan takardun fensir ma in sun biyo ta ɗakinta, sai ta ɗaga su ta sa lamba a bayansu, ta juya bango ta rubuta layi ɗaya, ta tura fayil gaba. Ko da aka kawo kwamfutoci aka ɗauki hoton takardun ofis, shafuka aka ɗauka, ba wanda ya damu da bango.

Kada wani ya ce ɓoyewa ta yi. Tun makon farko da Darakta ya hau kujera ta je gaisuwa ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ni duk abin da ya shiga fayil ina ba shi lamba." Ya yi murmushi ya ce, "Madalla, Hajiya, irinku muke so," idonsa na kan wani baƙo mai babbar riga. Babban mutum ba ya juya bayan fayil. Shafin da aka lanƙwasa masa shi yake karantawa, maganar na ƙasa kuma, in ba yabo ba ce ko tsegumi, ba ta shiga kunnensa.

Ita ma ya kafa mata nata turken, kuma mai ƙarfi. Shekarar da mijinta ya rasu, Alhaji Sharhabil ya bar motarsa a bakin titi ya taka caɓi har ƙofar gidanta a Kawo, ya zauna a tabarma kwana uku ana karɓar gaisuwa da shi kamar ɗan'uwa. Tana cikin takaba aka fito da sunanta za a mayar da ita wani gari mai nisa, ya ɗaga waya sau ɗaya aka soke. Saboda shi marayunta huɗu ba su bar makarantarsu ba. Hasiya ba ta manta ba, tana sa shi a addu'a da sunansa.

To, a watan Maris na shekarar da muke magana, aka yanka fuloti goma sha biyu a bakin wani rafi tsakanin Malali da Unguwar Dosa, a kan hanyar da ruwa ke bi tun kafin a haifi kowa a ofishin. Masu hali suka saya, suka ja katanga. Da ruwan kwana ukun nan ya sauka bai sami hanyarsa ba, sai ya juya cikin tsofaffin gidajen da ke baya, ya rushe bakwai. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba. Washegari mutanen unguwar suka yi wa ofishin ƙawanya. Ba su zagi kowa ba, ba su yi jifa ba. Katifunsu da suka jiƙe suka ɗauko a amalanke, suka shimfiɗa a bakin ƙofa, suka zauna a gefe, duk mai shiga sai ya tsallaka. Kwana biyar suna haka, har aka kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin wani tsohon alƙali, Malam Abdurrahim. Lokacin kuwa bai yi wa Darakta daɗi ba ko kaɗan, domin Babban Sakatare ya yi ritaya, kujerarsa babu kowa, kuma sunan Alhaji Sharhabil ne a sama cikin masu jiran gado. Fadawa har sun fara kai ɗinkin ranar rantsuwa.

Taswirar fulotan sa hannun Malam Yahya ke kanta, safiyon ofishin, wato mai awon filaye, wanda saura wata huɗu ya yi ritaya. Mutum ne mai gaskiya, sai dai zuciyarsa ba ta da ƙarfi a gaban manya. Sau biyu ya hau bene ya ce wurin nan hanyar ruwa ce, aka tambaye shi lafiyar iyali aka sallame shi. Da fayil ya sauko masa da 'yar takardar fensir, ya karanta, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki kayan awonsa ya tafi. Yanzu an dakatar da shi. Ya gaya wa kwamiti umarni aka ba shi a rubuce, aka ce ya nuna takardar, babu ita.

Ranar Talata, ana gobe zaman ƙarshe, Hasiya ta fito alwalar azahar ta gan shi a bencin talakawa, mutumin da ya yi shekara ashirin da ofishinsa da makullinsa. Ta tsaya suka gaisa.

"Malam Yahya, ya haƙuri?"

"Da godiya, Hajiya." Sannan ya ce, "Ni ba fansho ne ke damuna ba, in sun so su riƙe. Gidan farko da ruwan ya ci na limaminmu ne, shi ya raɗa wa 'ya'yana suna. Yau sati uku ban yi salla a masallacin unguwa ba, Kawo nake zuwa inda ba a san ni ba. In gobe suka rubuta cewa ni na sayar da hanyar ruwa, da wannan sunan za a binne ni."

Ta ce, "Allah ya bayyana gaskiya," ta wuce. Ba ta ƙara ko kalma ba, alhali ta san layin da ta rubuta a watan Maris.

Tana idar da salla sai ga Garba, fayil ɗin rafi a hannu ɗaya, sabon bango mai sheƙi a ɗayan.

"Hajiya, mai gida ya ce a sauya wa wannan riga. Gobe gaban manya za a kai shi, bai kamata su ga kayanmu a yage ba. Tsohon bangon ki jefa a kwando."

Ta dube shi da kyau ta saman tabarau. Babu komai a fuskarsa. Ta gane ba dabara ba ce, daga shi har mai gidansa ba su san abin da ke cikin bangon ba. Son a ga kyau ne kawai irin na Darakta, wanda ko kofin shayinsa ba ya son a gani da tabo.

Daga azahar har la'asar tana zaune da fayil a gabanta. Abin ba wuya. Ta yanke kirtani, ta zare takardu, ta ɗinke su cikin sabon bango, ta jefar da tsoho, kuma babu mahaluƙin da zai ce ta yi laifi, ai umarni aka ba ta. Ta tuna caɓin da ke ƙafar wandon Darakta ranar rasuwar mijinta. Ta tuna 'yarta Balki ranar da ta kawo mata takardar kammala karatu. Tana ƙaunar mutumin nan, ba ta musa wa kanta ba, kuma tana tsoronsa. Amma ƙa'idar Malam Idi tana da ci gaba: in bango ya tsufa aka sauya shi, ana ɗinke tsohon a bayan takardu, domin shi ma na fayil ne. Shekara talatin da ɗaya ba ta taɓa jefar da bango ba. Ta ga in ta jefar da wannan, duk lambar da ta taɓa rubutawa ta zama wasan yara, Malam Yahya kuma zai ci gaba da zuwa salla inda ba a san shi ba. Ta share tabarau da bakin mayafi, ta zura kirtani a allura, ta ɗinke tsohon bangon a baya, ta ba shi lamba.

Laraba da hantsi kwamiti ya zauna a babban ɗakin taro. Alhaji Sharhabil ya shigo cikin farar babbar riga, ya gaida kowa da sunansa, har Malam Yahya ya riƙe wa hannu ya daɗe bai saki ba. Da aka ba shi dama ya yi magana, kai, ranar an ga gwaninta. Bai zargi kowa ba. Ya ce Yahya ɗan'uwansa ne, ɗan Adam ba ya rabuwa da kuskure, shi roƙonsa a sassauta wa dattijo saboda tsufa da iyali. Wasu 'yan kwamitin har suna gyaɗa kai. Game da umarnin da ake cewa an bayar kuwa, sai ya buɗe tafukansa ya ce fayil yana gabansu.

Alƙali Abdurrahim ya ce, "Fayil ɗin nake so in tabbatar, Darakta. Ka yarda da shi?"

Duk ƙarfin Darakta a wannan rana yana kan fayil ɗin nan, domin shi ke ɗauke da sa hannun Yahya, kuma babu nasa a ciki. Saboda haka ya ɗaga shi iyakar ɗagawa. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, fayil ɗin da ya fito daga hannun Hajiya Hasiya, ko rantsuwa aka ce in yi a kansa zan yi. Shekara talatin ba ta taɓa ƙara harafi ba, ba ta taɓa ragewa ba. Abin da ta rubuta shi ne abin da ya faru. A rubuta ni na faɗa."

Aka rubuta. Sannan aka aika kiran Hasiya. Ta shigo, ta rusuna ta gaida su, ta tsaya.

Alƙali ya ce, "Hajiya, fayil ɗin nan ya cika?"

Ba ta dubi ɓangaren Darakta ba. "Saura takarda ɗaya, Allah ya gafarta Malam. Daga arba'in an tsallaka zuwa arba'in da biyu."

Alƙali ya lashi yatsa ya bi shafukan, ya ga haka ne, ya kuma ga hudar fil a saman shafi na arba'in. "Mece ce ta arba'in da ɗayan?"

"Tana cikin jerin da ke tsohon bango, a can baya."

Ya juya fayil, ya sami wurin, ya karanta a fili sannu a hankali. "Arba'in da ɗaya. 'Yar takardar Darakta zuwa ga safiyo, da fensir, shida ga Maris. A yanka fulotan bakin rafi, shi ya ɗauki nauyi."

Malam Yahya ya cire hula ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa na rawa. Waɗanda suka halarta sun ce Alhaji Sharhabil bai motsa ba, murmushin ma bai bar fuskarsa ba, sai dai hannunsa na dama da ya hau aljihun gaba, inda fensirin yake, ya tsaya a nan. Ya buɗe baki zai ce tsohuwa ta ruɗe, ya tuna abin da shi da kansa ya sa aka rubuta ɗazu, ya rufe. Alƙali ya sa aka ɗauko fayilolin mataimakan nan uku da suka faɗi. Kafin la'asar an ga giɓi a kowanne, da layi ɗaya na jan biro a cikin bangon baya.

Abin da ya biyo baya ba shi da tsawo. An wanke Malam Yahya daga zargin sayar da hanyar ruwa, an tsawata masa kan bin umarnin da ya san ba daidai ba ne, ya karɓa, ya yi ritaya a lokacinsa. An rushe katangun, ruwa ya koma hanyarsa. Kujerar Babban Sakatare wani ya hau ta. Alhaji Sharhabil kuwa ba a ɗaure shi ba, domin waɗanda ya ɗaure da alheri suna da yawa, an dai ce ya ajiye aiki saboda rashin lafiya. Mutanensa da suka rage a sama ba su ƙyale Hasiya ba. Kafin wata ya ƙare suka raba ta da rajista, suka mayar da ita ɗakin ajiyar karyayyun kujeru, inda ta ƙarasa shekarun aikinta ba a taɓa jin ƙorafinta ba.

Amma ranar da zai bar ofis, bayan an kwashe kayansa, ya yi abin da bai taɓa yi ba cikin shekara tara. Ya sauko bene, ya bi baranda har ɗakin rajista, lokacin ba a kai ga raba Hasiya da shi ba. Hasiya ta miƙe tsaye. Ya dubi kantoci cike da fayiloli har rufi, ya daɗe yana kallonsu.

"Hajiya, wa ya sa ki?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"To me na yi miki? In na ɓata miki ne ban sani ba, gaya mini."

Hawaye ya zubo mata. Ta ce, "Ba ka yi mini komai ba sai alheri, kuma har gobe ina yi maka addu'a. Ni ba don kai na rubuta ba. Haka nake rubutawa tun kafin ka zo, kuma na gaya maka."

Ya tsaya yana jiran sauran maganar, domin a saninsa ba a yin irin wannan sai in an saye mutum ko an ɓata masa. Da ta ce abokin takararsa ne ya saye ta, da ya fahimta, wataƙila har ya yaba wa abokin takarar. Da ya ga babu saura, sai fuskarsa ta saki, a karon farko aka ga tsufansa. Ya ce, "Sai wata rana, Hajiya," ya fita, Garba na biye da shi riƙe da jaka.

Ni da na tattara labarin nan daga bakin waɗanda suka gani da ido, na daɗe ina mamakin mutumin. Ya san ƙofar kowa, ya kayar da manya uku bai ɗaga murya ba, amma bai taɓa kawo wa ransa cewa akwai mai yin aiki daidai don kawai haka ake yinsa ba. Mulki ya koya masa fuskar kowa, ya hana shi jin maganar kowa, sai Allah ya ajiye masa ƙaddararsa a ɗakin da ke ƙarƙashin ƙafarsa, a hannun matar da ke yi masa addu'a. Yana nan a Malali, da yamma yakan zauna a ƙofar gida yana gaida masu wucewa da sunayensu. Hasiya tana Kawo tana renon jikoki, in an yi mata zancen sai ta ce ita lamba kawai ta sa.

Malam Yahya kuwa, washegarin zaman kwamiti, da aka kira la'asar, ya sa wankakkiyar riga ya taka zuwa masallacin unguwarsu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana neman wuri a sahun baya. Liman, wanda har lokacin a gidan maƙwabci yake kwana, ya hango shi, ya dakatar da mai iƙama, ya keto sahu ya kama hannunsa, ya ja shi ya tsayar da shi a bayansa.